Kwanar Zulfa

Shekara talatin Malam Sada ya yi yana koya wa 'yan firamare cewa Daura sunan mace ta ci, Magajiya Daurama. Kuma kullum sai ya ƙara da nasa: wannan zamanin da ne, yanzu wanda ya sari daji shi ke da suna.

Da ya yi ritaya sai ya sayi fili a bayan gari, inda ba kowa sai geza da karnuka. Ya haƙa rijiya, ya dasa darbejiya, ya kafa allo: Unguwar Sada. Sau uku yana sabunta masa fenti.

Ana haka matarsa Zulfa ta fara suyar waina a zaure. 'Yan acaɓa kuwa ba allo suke karantawa ba, hanci suke bi. Kafin gidaje su kai ashirin, duk Daura Kwanar Zulfa ake cewa.

Abin ya ci wa Malam rai, har da wata wahalar a kai. Auren saurayi da budurwa suka yi, shi kuma mutumin da ne, bakinsa bai taɓa kama sunanta ba. In ya sauka a tasha ya ce Unguwar Sada, sai a tsaya ana kallonsa. Ya yi ta kwatance, bayan gidan mai, wajen rijiya, har ɗan acaɓa ya gano ya ce ai da Baba ya faɗi tun farko. Ƙarar da ya kai wa mai unguwa ba ta ƙirguwa. Ita dai Zulfa dariya take yi tana juya wainarta.

Bara da damina ta rasu, aka kife tanda.

Maƙwabta suka ji tausayin tsoho. Mai unguwa ya tara shugabannin 'yan acaɓa, ya roƙe su su riƙa faɗar sunan da ke kan allo. Suka kuwa bi, kamar an yi ruwa an ɗauke. Malam ya samu abin da ya yi shekara goma sha biyar yana nema, ya yi wata guda bai ji an ambace ta ba. Kewa ta ishe shi.

Ranar Laraba ya dawo daga Katsina, wani ɗan acaɓa ya tare shi da ladabi.

"Baba, Unguwar Sada ko?"

Malam ya daɗe yana gyara bakin rigarsa.

"A'a, ɗan nan. Kwanar Zulfa za ka kai ni."