Shekarar da Masu Rakiya Suka Koma Baranda

Ƙungiyarmu ƙarama ce, aikinta kuma ɗaya: idan majinyaci ya zo asibiti a Bagudo ba ya jin Hausa, mu raka shi mu tsaya tsakaninsa da likita. Mutanen da ke tsallakowa daga ɓangaren Benin yawanci Dendi suke ji, wasu Fulatanci. Mace za ta zo tana dafe da ciki, likita ya yi ta tambaya, ita kuma ta yi ta kallon bakinsa. Wata tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta tara mu. Ni malamar firamare ce, Dendi kuwa a bakin mahaifiyata na tashi da shi, don 'yar can ce.

Da kakar wata shekara, ana tsakiyar yankan shinkafa, abubuwa suka haɗe mana. Babbar ƙungiyar birni da ke ba mu man babur da hayar ɗaki ta aiko cewa tsarinta ya canza, ba ta san ko za ta ci gaba da mu ba. Iyaka kuma yau a sassauta, gobe a tsananta, ba ka sanin ta inda mutane za su ɓullo. Sannan idon Hajiya ya yi yana, ɗanta ya ce zai tafi da ita Birnin Kebbi a yi mata aiki, kuma can za ta zauna.

Muka taru a ɗakin hayar don shirin shekara mai zuwa. Mataimakin Hajiya, wani dattijo mai gyaran rediyo, ya ce mu dakata har ƙura ta lafa. Ni ma zuciyata ta kwanta da hakan, don na gaji.

Hajiya ta ce, "Ku dakata in kun so. Amma matar da naƙuda za ta kama cikin azumi ba ta san kun dakata ba."

Bayan an watse ta riƙe ni. "Ɗiyata, ke za ki riƙe abin ga. Ki bi kowa har gida ki tambaye shi mi yake iyawa in ba a ba shi ko ɗigon mai ba. Kar ki tambaya cikin taro, kunya za ta sa su ɗauki abin da ba su iyawa."

Haka na yi ta yawo a ranakun da babu makaranta, ƙanen mijina na kai ni a babur. A Lafagu na tarar da wani manomi ɗan ƙungiyarmu a masussuka. Ya ce gaskiya da damina kar a neme shi, amma daga an kai amfani gida, duk ranar kasuwa tamu ce. Mutum biyu suka ce sun fita, ɗaya ma bai bari na zauna ba. Wannan ya yi mini ciwo.

A wata ruga bayan Sharabi na sami Bafulatanar da ke mana fassarar Fulatanci tana ɗaure ƙore. Za su bi shanu kudu, sai ruwa ya sauka za su dawo. Na ce shi ke nan, mun rasa ta.

Ta yi dariya. "Malama, bakina za ni bari a nan? Ki kira waya. In babu sabis sai in hau tudu."

Maganar ɗaki ce ta fi tsaya mini a rai, don ba mu da kuɗin hayarsa. Wata rana na shiga kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibiti sayen maganin mura. Mai shi wata Madam ce 'yar kudu, Kirista, da ta daɗe a garin, muna gaisawa kawai. Ta ce ta ji za mu bar ɗaki, sai ta nuna mini barandarta da benci.

"Ku zauna nan. Duk wanda ya sauka daga mota nan yake fara tambaya."

Ina cikin godiya ta juya ta gaishe ni da Dendi. Na saki baki. Ashe ta yi shekaru tana kasa kaya a kasuwar Dole Kaina. Dendinta na ciniki ne, amma ya isa a tambayi mutum ina ke masa ciwo. Ta ce ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci, ita za ta tsaya, mu dai mu ƙyale mata Lahadinta.

Da muka sake taruwa, ban kawo wani babban shiri ba. Na dai faɗa wa kowa abin da ɗan'uwansa ya ce zai iya, muka raba ranaku a kan haka. Mai gyaran rediyo ya ɗauki safiyar kowace Litinin da kansa. Hajiya ta tafi da hantsi a motar ɗanta, na tsaya bakin titi ina share ido da gefen mayafi.

Shekarar ta zo da gargada. Akwai ranar da wani tsoho ya yini a asibiti ba mai fassara masa, don ina aji, wayar Bafulatanar kuma ta ƙi shiga. Akwai kuma ranar da ta shiga, likita na tambaya tana amsawa, shanu na kuka a bayanta, har ma'aikatan ɗakin suka yi ta dariya. Ƙungiyar birni ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, mu kuma muka daina jiran ta.

Wajen tsakiyar bazara wata mata ta zo barandar da goyo. Ta ce ni na raka ta lokacin haihuwar yaron, ko da yake ban gane ta ba. Yanzu tana kawo man ja kasuwa, ta tsinci Hausa. Tana so in mutanen ƙauyensu za su zo asibiti ta riƙa taho da su tun daga can.

Na ce, "Ba mu da abin ba ki fa."

Ta ce ta sani. Madam ta matsa mata wuri a benci, muka fara koya mata sunayen sassan jiki da Hausa, tana maimaitawa tana taɓa na yaron.