Tattabarun Mai Agogo a Gaban Kotu

Mai Agogo ya haura shekara talatin yana gyaran agogo a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Da wayar hannu ta zo ta kashe wa agogo kasuwa bai wani tada hankali ba, don dama zuciyarsa ba a shagon take kwana ba. Tana saman rufin gidansa, inda ya kafa ɗakin katako ya zuba tattabaru. Da aure ɗaya ya fara, mace da namiji, gadon mahaifinsa. Yanzu tamanin da huɗu ne, kowacce ya san uwarta da kakarta. Shekarun 'ya'yansa sai ya tambayi matarsa, amma tambaye shi yaushe tattabararsa Jar Wuya ta ƙyanƙyashe, zai faɗa maka har da ƙarfe nawa.

Sai murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a bayan gari. Ranar da ya ji a rediyo ya kulle tattabarunsa, ya zagaye ɗakin da raga, ya ajiye bahon ruwan magani a gindin tsani. Duk da haka, bayan mako guda duba-gari ya yi sallama da takarda: hukumar lafiya ta ce duk mai fiffike a unguwannin nan a kashe a binne, cikin kwana uku.

"Baba, ba ni na rubuta ba, aiko ni aka yi," in ji duba-gari, yana kallon takalminsa.

"To ɗana, hau ka duba su. In ka ji guda ta yi tari, ni zan riƙe maka ita."

"Takardar ba ta ce a duba ba, Baba."

Mai Agogo ya zura riga a baibai ya nufi ofishin 'yar ƙanwarsa, lauya ce, amma iyakarta rigimar haya da ta katanga. Ta saurare shi, ta jawo wani littafi mai kauri ta yi ta buɗawa.

"Kawu, ni ban taɓa kare tsuntsu ba."

"Ai su ma ba su taɓa ɗaukar lauya ba. Ku koya tare."

Can ta ɗora yatsa a kan wani layi. Doka ta ba hukuma ikon killacewa da gwaji. Kisa kuwa sai an tabbatar da cuta. Washegari ta samo umarnin kotu na a dakata.

Ranar shari'a lauyan hukuma ya yi magana mai ma'ana, har Mai Agogo ya tsinci kansa yana gyaɗa kai, sai da 'yar ƙanwar ta taka masa ƙafa. Lauyan ya ce cuta ba ta jiran takarda, kuma tana iya tsallakawa kan mutane. Mai shari'a, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce gaskiya ne. Sannan ta tambaya tattabaru nawa aka gwada. Lauyan ya juya ya dubi mutanensa, mutanensa suka dubi fanka.

Aka tambayi Mai Agogo yadda ya san ƙalau suke. Ya gyara tsayuwa ya fara bayanin kashin tattabara, launinsa da kaurinsa, na safe da na yamma. Ya kai minti goma kafin mai shari'a ta ce kotu ta ƙoshi.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Ikon hukuma shi ne wanda majalisa ta rubuta mata, sanarwa ba ta hawa kan doka. In suna ganin dokar ta yi musu kaɗan, su koma majalisa a faɗaɗa. Kafin nan, a ci gaba da killacewa, a yi gwaji cikin mako guda.

Haka likitan dabbobi da duba-gari suka hau tsani da safar hannu da 'yan kwalabe tamanin da huɗu. Rabin awa suna tsalle, gashin tattabara biyu kawai suka kama. Mai Agogo ya bar su sai da suka yi gumi, sannan ya shiga yana ɗaukowa ɗaya ɗaya kamar mai tsinkar lemo, yana gabatar da kowacce da asalinta. Sai da ya zo kan Jar Wuya ya tsaya yana jujjuya ta a hannu. Kwana biyu ke nan ba ta cin tsaba sosai, kuma ya sani in ita ce, hukuncin da ya ci ba zai ceci ko ɗan shila ba. Ya faɗa wa likita gaskiya. Kwana biyar ana jiran sakamako, abinci ma sai matarsa ta tsare shi.

Duba-gari ne ya kawo takardar, wannan karon yana murmushi tun daga bakin ƙofa. Babu cuta. Jar Wuya tsufa ne kawai.

Ranar da wa'adin killacewa ya cika, maƙwabta suka fito ƙofar gida. Mai Agogo ya zare ragar, ya wangale ƙofar katako, ya ja da baya. Shiru. Kwana arba'in na ci da kwanciya tattabarun sun yi ƙiba, suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe.

"Ku fita mana," ya ce. "Kotu na je saboda ku."

Sai da ya tafa hannu sau uku suka tashi gaba ɗaya, ƙasa ƙasa, da ƙyar suka tsallake igiyar shanya. Zagaye na biyu suka ɗaga. A na uku sai da ya sa hannu ya kare ido kafin ya iya ganinsu.