Aljihun Hagu

Duk layin masu gyara Mai Aljihu ake ce masa, har jikokinsa in ka tambaye su sunan kakansu na yanka sai sun tsaya tunani. Dalilin sunan a fili yake. Muddin yana kusa da wutar lantarki, hannunsa na hagu na cikin aljihu, kamar mai tsoron 'yan sane. Baƙi sukan zaci hannu ɗaya gare shi, har wata mata ta taɓa yi masa jaje.

Shi dai bayaninsa bai taɓa canzawa ba. "Wuta hanya take nema," yakan ce. "In ta shigo ta dama ta tarar da hagu a kan ƙarfe, ta ƙirji za ta bi. Zuciya kuwa tana nan a bakin hanyar."

Sana'arsa naɗin waya. Fanka ta ƙone, injin ruwa ya tsaya, a kawo masa, ya kwance tsohuwar waya ya naɗa sabuwa. Da wannan ya ciyar da gida, da shi 'ya'yansa huɗu suka yi karatu. Amma abin da ransa ke so yana ɗakin baya, a kan wani teburin ƙarfe.

Taransifoma ce baƙa wuluk, mai nauyin tsiya, wadda a da take kunna fitilun tallan wani gidan sinima. Ranar da aka rushe ginin ya tono ta daga cikin ɓaraguzai, ya lulluɓe ta da buhu, ya turo ta a baro har gida, gumi sharkaf. Matarsa tela ce, ta fito da murna tana zaton sabon keken ɗinki ne. Da ta yaye buhun ta ga abin da ke ciki, kwana biyu ba ta yi masa magana mai daɗi ba.

Ya raɗa wa taransifomar suna Gwaggo, don ba a shiga wurinta sai da ladabi. Ya kafa mata sandunan ƙarfe biyu a tsaye, kusa da juna daga ƙasa, suna buɗewa daga sama. In ya kunna, sai Gwaggo ta yi gurnani, wani zaren wuta shuɗi ya haɗa sandunan, ya riƙa hawa yana tsartsa har ya tsinke a can ƙoli, wani ya sake tasowa. Kai, abin kallo! Ranar hutu maƙwabta sukan cika ƙofa, manya da gemunsu suna buɗe baki. Ya ja farin layi da fenti a ƙasa, kuma ko surukinsa, injiniya guda mai takardu, bai taɓa tsallake shi ba.

Ba wutar yake taƙama da ita ba. Taƙamarsa ita ce shekara talatin da ɗaya, duk wanda ya shiga ɗakin nan da ƙafarsa ya fita. Matar ma, da ta ga ba rabuwa zai yi da Gwaggo ba, sai ta shiga ɗinka masa riguna masu aljihun hagu mai zurfi, wanda hannu ke nutsewa har kusa da gwiwa.

To, sai tsufa ya zo ta hannun dama. Da fari shayi ne ke ɗan zuba a faranti, daga baya sukudireba ta fara kuskure kan kusa. Ya ce gajiya ce, ya ci gaba da harkarsa.

Wata rana da hantsi ya kunna Gwaggo shi kaɗai. Ya ɗauki doguwar sandarsa ta busasshen katako zai ɗan gyara tsayuwar ƙarfe ɗaya, sai sandar ta kama rawa. Ya cije leɓe, ya ƙara matsawa.

"Maigida," in ji matarsa daga bakin ƙofa, a hankali, da kofin ruwa a hannunta. "Hannunka."

Ya duba. Ga hannun hagu ya fito da kansa, ya dafe gefen teburin ƙarfe don ya tallafa wa ɗan'uwansa. Wallahi bai san lokacin da ya fito ba. Ya janye shi, ya ja da baya, ya kashe wuta. Babu abin da ya same shi, ko gashi ɗaya bai babbake ba. Amma ya zauna a kan benci, kunya da tsoro suka rufe shi, har ruwan ma ya kasa karɓa.

Daga ranar bai ƙara kunna ta ba, kuma magana ba ta kwana a layin nan. Kwana uku sai ga kafintan da shagonsa ke kallon nasa, magidanci mai 'ya'ya uku, ya shigo yana washe baki da waya a hannu.

"Baba, an ce ka yi ritaya da Gwaggo. Sayar mini da ita mana. Dubi yadda ake jiƙa katako a sa masa wutar lantarki, zane ya fito kamar reshen bishiya. Teburan nan kasuwa za su yi."

Mai Aljihu ya kalli hoton, ya kalli hannayen kafinta, biyun duk a waje suna ta kai da kawo.

"Jiƙaƙƙen katako, ɗana? Da hannu biyu?"

"Haba Baba, ai zan kula."

"Ni ma na kula. Shekara talatin da ɗaya ina kula, ranar Talata hannuna ya fita bai yi mini sallama ba."

Kafinta ya yi magiya, ya yi fushi, ya ce in ma an hana shi zai jira ta a wurin 'yan gwangwan. Wannan maganar ce ta tsaya wa tsohon a rai, don gaskiya ce. Ko ya kulle ɗakin, ran da ya kwanta dama wani zai buɗe, kuma Gwaggo ba ta san ɗan gida ba.

Washegari ya sa filaya ya datse filogin Gwaggo, ya miƙa wa matarsa. Sannan ya tattare hannun riga, duka biyun. Cikin akwatin taransifomar cike yake da daskararriyar kwalta, sai da ya yi kwana huɗu da guduma da kurfi yana ɓantara. Ya zare faifan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ga naɗin, waya siririya kamar gashi, sai ya tsaya ya shafa, yana jinjina wa wanda ya naɗa ta tun kafin a haifi 'ya'yansa. Ya yi ƙwalla, bai kuma ɓoye ba. Daga nan ya sa zarto ya raba ta gida huɗu, yadda babu gwanin da zai iya mayar da ita.

Ya loda tarkacen a baro, ya tura ta gaban shagon kafinta da gangan, kansa a sama.

"Baba, ka yi ɓarna!" in ji kafinta.

"Na yi. Ka gaishe mini da yaranka."

Bayan mako guda matar ta miƙo masa sabuwar riga. Ya sa, ya tsaya gaban madubi, hannun hagu ya zarce inda ya saba. Aljihun na nan da zurfinsa, kuma a can ƙasa yatsunsa suka taɓa wani abu mai ƙafa uku. Ya fito da filogin Gwaggo yana kallo.

"Ke, ai na daina. Aljihun na mene ne kuma?"

Ba ta ɗago daga kan keke ba. "Shekara talatin da ɗaya yana dawo mini da kai," ta ce. "Ba zan sallame shi ba."