Malam Zarami da Ƙamus ɗin Japananci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, ashirin ga watan Agusta, 'yarka Ummussalma ta kira ni, ta ce, "Baba Tasi'u, abokinka ya cika." Bayan la'asar muka kai ka makwancinka, ana yayyafi. Na dawo na zauna a zaurena har magariba.

Malam Zarami, shekara sittin da ɗoriya muna tare a garin nan na Haɗeja. Kai Babarbare, ni Bafulatani, don haka ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya a ciki. Shekara talatin ka yi kana malamin gona, kana bin fadamun Auyo a kan babur, in ruwa ya cika ka hau kwalekwale. Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar mutane, irin da ka ɓoye wa kanka ka fito da shi ka raba mudu-mudu. Da na ce kai fa, sai ka ce in je in kula da shanun da ban da su.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai laifin da na yi maka, kuma gara in faɗe shi a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi shi.

Ɗanka Abdulmannan ya tafi Japan karatun noman shinkafa, ya yi aure a can, aka haifa maka jika, Amira. Duk ranar Asabar da hantsi sai su kira ka ta bidiyo. Yarinyar ba ta jin Hausa, Turancinta bai fi a ƙirga ba, sai ta kalle ka, ka kalle ta, ta ɗaga hannu, ta ruga wasanta. Wata Asabar na tarar da kai bayan an kashe wayar, ka yi tagumi. Ka ce, "Tasi'u, jikar da ba ka tsokana ta rama ba, ai hotonta kawai ka mallaka." Lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar mai ɗakinka, Ummussalma kuma tana gidan mijinta a Birniwa. Kai kaɗai ne a gidan nan mai ɗaki biyar.

Tsohuwar kwamfutar da Abdulmannan ya bar maka, ashe da ƙamus a cikinta, na Turanci da Japananci, wanda ba ruwansa da data. Kai da kanka ka tono shi. Sai ka rubuta kalma da Turanci, ya fito maka da ta Japananci, ka danna wani wuri muryar mace ta karanta maka, ka maimaita. To, kai ba ka san wata hanyar karatu ba sai wadda aka koya mana muna yara. Ka sayi allo, ka dama tawada, ka feƙe alƙalami. Kullum kalma biyar: ka kwafo zanensu daga kwamfuta zuwa allo, ka yi ta biyawa har su zauna, ka wanke, ka sake wasu. Ka ce abin da bai bi ta allo ba, ba ya zama a kai.

Ran nan na shigo na ga allon jingine a zaure, cike da wasu zane-zane kamar tsagar gidan dara. Da yamma a majalisa na ce, "Jama'a, Babarbare fa ya koma tsibbu, har hatimi yake zanawa." Wallahi wasa nake yi. Aka yi dariya, na je na yi barcina. Ashe maganar ta yi ƙafa. Kafin mako ya zagayo, an ce ana jin muryar mace a ɗakin gwauro tana wani yare da ba na bil'adama ba. Wani ya rantse ya ga inda kake zubar da wankin allon. Wata mata ta zo neman rubutun sha, ka kore ta, ta fita tana cewa aljanarka ce ta hana. Masu zuwa neman shawarar iri da taki suka ɗauke ƙafa. A masallaci sai ka ga an bar ɗan fili tsakaninka da na kusa da kai.

Ni da na san gaskiya, maimakon in tashi in ƙaryata, sai na zo na ce ka bar abin nan haka, tsofai-tsofai da kai, mutane na magana. Ka dube ni ka ce, "Wa ya ba su maganar?" Kunya ta sa na yi fushi. Wata biyar ban taka zaurenka ba, kai ma da taurin kanka ba ka yi wa kowa bayani ba. Wata biyar kana zaune daga kai sai allo sai muryar nan ta cikin kwamfuta.

Kai ne ka zo. Wata Asabar wajen azahar na ji ana buga ƙofata kamar za a ɓalle ta. Na buɗe, ga ka ba ko hula, kana haki. Ka ce, "Tasi'u, Amira ta zage ni! Da Japananci na ce mata amaryata ba ta iya tuwo ba, zan sake ta, ta ce wa zai auri tsoho mai kai kamar ƙwai!" Kana dariya hawaye na bin gemunka. Ba ka ce uffan kan abin da ya wuce ba, ka zauna ka sha furata kana kushe ta. Duk garin nan ka rasa wanda za ka kai wa wannan albishir sai wanda ya ɓata maka suna.

Daga nan na yi ta bin majalisu ina warware abin da na ƙulla. Wasu sun yarda, wasu har gobe. Shekara ɗaya da 'yan watanni kuka samu kai da Amira, kowace Asabar, kana kame-kame tana gyara maka.

Asabar ɗin da ta wuce muna zaman makoki a zaurenka, wayarka ta yi ƙara a hannun Ummussalma. Abdulmannan ne. Ya gaisa da mutane, sai yarinyar ta karɓe wayar. Uban ya ce an gaya mata ka rasu, amma ta ce sai ta duba da kanta. Ta yi ta kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya tana magana da Japananci, tana tsayawa, tana jiran amsa. Mun fi mu ashirin a zauren nan, da malamai da 'yan boko, aka rasa mai ce mata ko kalma ɗaya. Ta jira, ta jira, sannan ta miƙa wa ubanta wayar.

Allah Ya jiƙan ka, Zarami. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ni kuma Allah Ya yafe mini haƙƙinka, don ban taɓa buɗe baki na ce ka yafe mini ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Abdulmannan da Ummussalma da dukkan dangi, da manoman Auyo, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Amira kuwa, Abdulmannan, kai za ka yi mata gaisuwa a madadina. Ka gaya mata wani tsoho a Haɗeja ya ji duk abin da ta faɗa, bai dai san yadda zai amsa ba.