Yadda Na Sayar da Irin Dawar Baba

Ni dai tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, kuma kowa a gidanmu ya sani. Idan na sa abu a gaba, ko Inna ba ta iya tanƙwara ni. Shi ya sa da na dawo ƙauyenmu a wata bazara, kwamfuta a jaka, na ce wa Baba daga yau ya daina kai dawarsa hannun dillalai, bai tsaya gardama da ni ba. Murmushi ya yi ya ce, "To, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ƙauyenmu a ƙasar Dawakin Tofa yake, inda gona ke manne da gona, ba ka tafiyar kirki sai ka ci karo da wani gida. Ina da shekara goma sha ɗaya na bar shi zuwa makarantar kwana, daga can sai jami'a, daga jami'a sai aikin rubuta manhaja a birni. Hutu kaɗai ke kawo ni gida, shi ma yawanci bayan an gama aikin gona. Tuwon dawa na sani sarai. Yadda dawar take zuwa tukunya kuwa, sai dai in yi ƙarya.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ga Baba ya sha rana wata da watanni, sannan dillali ya zo ya tsoma hannu a buhu, ya yamutsa fuska kamar an ɗura masa magani, ya yi tayin wulaƙanci. Sai na zauna na rubuta wata 'yar manhaja. A ɗauki hoton hatsi, a sa farashi, mai saye a birni ya gani a wayarsa ya zaɓa, mai kurkurar ɗaukar kaya na garinmu da ke shiga birni kullum ya kai masa har ƙofar gida. Komai ya kammala, saura hanyar biya.

Ba wanda ke zama ya rubuta hanyar karɓar kuɗi tun daga tushe, sai mai neman wa kansa wahala. Akwai abin da muke ce wa laburare, wato umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta suka gwada, kai dai ka ɗauko ka haɗa da naka, kamar yadda mai gini ke sayo ƙofa a wurin kafinta ya zo ya kafa. Kamfanin da ke da laburaren ya ba ni makulli biyu, ɗaya na gwaji, ɗaya na gaske. Da na gwaji ake wasa da katin banki na ƙarya har a tabbatar komai na tafiya daidai.

Sabis kuwa a duk garin babu inda yake zama sai gindin tsamiyar da ke bayan firamare. Can nake shimfiɗa tabarma da hantsi. Matan da ke wucewa zuwa famfo ba sa ƙyale ni.

"Malama, yau ma duba ake yi? A duba mana ko damina za ta yi kyau."

"Ku kawo goron duba tukuna," in ce musu.

Gwajin farko da na yi, sai ga buhun dawa guda ya tafi a kuɗin ƙosai. Ashe laburaren da kwabo yake lissafi, ba da naira ba, ni kuma saboda gaggawa ban karanta wurin ba. Allah ya so ni da makullin gwaji ne. Na gyara, na yi ta dariya ni kaɗai, har wata akuya ta tsaya tana kallona.

A cikin bayanin laburaren akwai hanya biyu. Ko dai da mai saye ya danna a cire kuɗinsa nan take, ko kuma a riƙe kuɗin tukuna har sai mai kaya ya amince. Ta biyun tana buƙatar ƙarin aikin kwana biyu, da wani maɓalli da Baba zai riƙa dannawa da kansa. Ni kuma so nake ya ji wayarsa ta yi ƙara, ya ga alat na shigar kuɗi, ya san karatun da ya biya bai tafi a banza ba. Na ɗauki ta farko.

Da nake nuna masa a zaure, ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "To idan mutum ya taya, wa zai ce masa an sallama?"

"Baba, ai babu tayi, babu albarka. Farashi a rubuce yake. Da ya danna, ciniki ya faɗa."

"Ko ba na nan?"

"Ko ba ka nan."

"Ikon Allah," in ji shi. Ni kuwa kaina ya kumbura, na ɗauka yabo ne.

Ranar da na sa makullin gaske, a ranar aka aiko cewa yayan Inna ya rasu a Rimin Gado. Suka shirya a gurguje, za su yi kwana uku. Baba yana saka takalmi na tambaye shi wanne hatsi zan sa a manhajar. Ya ce hatsin ci yana rumbu, kada in taɓa, duk abin da ke ɗakin zaure kuwa na sayarwa ne. Ya bar mini wayarsa saboda alat, suka tafi.

Na shiga ɗakin na ɗauki hoton buhunan. Can a lungu, a kan wani katako, akwai rabin buhu shi kaɗai, an ɗaure bakinsa da igiyar rama. Na kwance. Kai! Ban taɓa ganin kaura irin wannan ba. Ƙwaya manya-manya, rawaya fes, babu ko ɗaya da ta motse, ga busasshen ganyen darbejiya an cakuɗa a ciki saboda ƙwari. Na ce lallai Baba ya ware wannan ne don ta fi kyau. Na tsince ganyen, na fito da ita rana na ɗauke ta hoto mai kyau, na ƙara mata farashi, na rubuta a ƙasa: ta musamman.

Ita aka fara saya. Wata Hajiya mai sayar da tuwo a Ungogo ce ta danna, wayar Baba ta yi ƙara a hannuna, wallahi sai da na yi tsalle a tsakar gida. Washegari da safe mai kurkura ya zo ya ɗauka.

Su Baba sun dawo kwana biyu bayan haka, wajen azahar. Ko ruwa ban bari ya sha ba na miƙa masa wayar ina ta zuba. Ya yi mini barka, ya leƙa ɗakin zaure, sai na ga ya tsaya cik a bakin ƙofa.

"Uwata, ina rabin buhun da ke kan katakon nan?"

"Ai ita ta fara tafiya, Baba. Ka ga kuɗin da ta kawo kuwa?"

Inna da ke bayansa ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Irin ne fa! 'Yar nan, iri kika sayar?"

A nan tsaye Inna ta zayyana mini abin da kowane yaro a garin ya sani, ni ban sani ba. Wannan kaurar ta kakana ce, mahaifin Baba. Duk kaka, kafin a girbe, Baba yakan shiga gona shi kaɗai ya bi kara ɗaya-ɗaya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya yanke ta daban, ya sussuke ta daban. Tana jure ƙuduji, tana nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri. Maƙwabtan da ya taɓa ba su duk sun koma irin zamani, nasu ya gauraye. Ta rumbu ma ba ita ba ce, don bara a gona ɗaya kawai ya shuka kaurar, sauran kuma tuni an cinye. A ɗakinsa yake ajiye irin, gara ce ta sa ya mayar da shi zaure, rasuwar nan kuma ta sa ya manta bai gaya mini ba. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Na ce ai abu ne mai sauƙi, laburaren yana da hanyar mayar da kuɗi, layi ɗaya zan rubuta kuɗin Hajiya su koma mata, a dawo da buhu.

Baba ya ce, "A'a. Ta biya, kayanta ne. Ba a ƙwace wa mutum abin da ya saya daga nesa."

"Amma Baba, ai ba ka sallama ba."

"Kin sallama da sunana. Ɗauko mayafinki, ki kai ni wurinta in roƙe ta."

Na kira lambarta sau uku ba a ɗauka ba. Muka hau mota zuwa bakin birni, daga nan muka shiga adaidaita. Duk tsawon hanyar Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ina ta kallon gonakin da aka yanka filaye aka kafa bulo, ina addu'a a zuci Allah ya sa ba ta kwance buhun ba.

Rumfarta tana kusa da tashar 'yan adaidaita, ta cika da masu cin abinci. Hajiyar doguwa ce, mai murya, tana kwasar tuwo tana faɗa da masu neman ƙarin miya. Da ta ji mu ne masu dawar, sai ta saki mara ta tafa hannu.

"Malam, kai ne mai kaurar nan? Allah ya yi maka albarka! Tun jiya mutane ke tambayata ina na samo. Ku zauna, ku zauna."

Baba ya gaishe ta a natse, ya yi mata bayani, bai ko ambaci laifina ba. Cewa ya yi an yi kuskure a gida. Fuskar Hajiya ta canza.

"Ash sha! Malam, ranar da ta iso na aika da ita inji. An surfe, an niƙe. Ita ce wannan a tukunya."

Na zauna a kan benci. Dawar da aka surfe ba ta tsira, wannan kam ko ni na sani. Kuka ya zo mini, na kasa riƙe shi, a gaban 'yan adaidaita da kowa. Baba ya ce, "Haba, Uwata, a cikin mutane?"

Sai Hajiya ta ce mu dakata. Ta shiga ciki ta yi ta motsi da kwanuka, ta fito da gwangwanin madara cike da dawa, tsaba, ba a taɓa ta ba. Ta ce ta ɗebe ne don ta riƙa nuna wa masu awo, ta ce irin wannan take so. Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya sa hannu a aljihu, ta ce wallahi idan ya fito da ko kwabo sun ɓata.

Kuma ta rantse ba za mu tafi ba mu ci ba. Aka ajiye mana malmala biyu da miyar kuka. Ni ko kallon kwanon ban iya ba. Baba ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsura ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Tun ina saurayi nake zaɓen wannan dawar," in ji shi, "ban taɓa sanin ɗanɗanon zaɓaɓɓiyar ba sai yau. Ashe haka take. Ci mana, Uwata, ai an riga an dafa."

Na ci, ina ci ina share hawaye. Tuwon ya yi daɗi ƙwarai, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

A daren ranar ban taɓa kwamfuta ba, amma washegari tun da sassafe ina gindin tsamiya. Na rufe manhajar, na yi aikin kwana biyun nan da na guje wa. Tun daga lokacin, duk wanda ya biya, riƙe kuɗinsa ake yi har sai mai kaya ya ga abin da aka zaɓa ya danna da hannunsa.

Gwangwanin nan bai isa gona ba. A bayan gida Baba ya shuka shi, 'yan kunyoyi kaɗan, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, sauran gonakin kuma ya sa irin da ya sayo a kasuwa. Na koma birni, amma duk Juma'a sai na kira in tambayi ruwa. Inna ta ce tunda aka haife ni ba ta taɓa jin na damu da ruwan sama ba.

Da kaka ta yi, shi ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi. Ya ce in nemi hutu in zo kafin a girbe. Na iso na same shi a bayan gida, tsaye a cikin dawar, ta fi shi tsawo. Na fara ba shi haƙuri, karo na ba adadi, ya ɗaga mini hannu.

"Laifina ne. Na tura ki makaranta, na yi ta murna kina ci gaba, ban taɓa kama hannunki na shigo da ke nan ba. Yau da na mutu, da wa zai san wadda ake ɗauka?"

Ya miƙo mini wuƙar. Na duba, na duba, na kamo wata zangarniya ƙatuwa na tanƙwaro ta ina jin kaina. Ya karɓa ya juya ta, ya nuna mini inda tsutsa ta ci ta ƙasa.

"Ba wannan ba," in ji shi. "Sake dubawa. Ba sauri muke ba."