Muryar Saloma

Saloma Ezekiel ita kaɗai ce mace a ajinsu na fiziks a jami'a, kuma sakamakonta ya fi na yawancin mazan. Ta dawo Zuru a shekarar 2001, mahaifinta tsohon soja ya yanka akuya, ya zagaya unguwa yana nuna wa mutane hotonta da rigar digiri.

Daga nan komai ya tsaya. A takarda ba a kayar da ita, amma da zarar ta zauna gaban masu ɗaukar aiki sai harshenta ya yi nauyi. A Birnin Kebbi wani mai furfura ya duba sunanta, ya dube ta, ya ce, "Ke da kanki kika karanta wannan?" Tambayar da ya biyo da ita ko ɗan sakandare zai amsa. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Haka aka yi a Sakkwato, haka a Minna. Shekaru suka wuce tana taya uwarta casar dawa, ƙannenta na bayanta suna samun aiki. Ta daina zuwa biki don gudun masu tambaya, mahaifinta kuma ya daina zancen.

A watan Maris na 2006 rediyo ya sanar za a yi husufin rana. Tsoffi suka tsorata. Ranar Lahadi fasto ya ce, "Muna da mai ilmin nan a cikinmu. Saloma, zo ki yi wa jama'a bayani."

Ta fita gaban coci. Ta ce, "Wata ne..." sai ta ga idanun jama'a duk a kanta. Ta tsaya cak har wani ya yi tari, wata ta yi dariya, mawaƙa suka tayar da waƙa don su rufa mata asiri. Mahaifinta ya sunkuyar da kai.

Ba ta koma gida ba. Ta hau mashin zuwa Mahuta wurin Madam Leah, wadda ta koya mata fiziks a sakandare, yanzu ta yi ritaya idanunta sun fara mutuwa.

"Mama, na ƙare," in ji Saloma tana kuka. "Ina ma ɗinki na koya."

"Zauna, 'yata. Kin san kafin in shiga ajinku sai na zaga bayan ofis na yi amai? Har na bar aiki tsoron bai sake ni ba."

"To yaya kika yi?"

"Na daina jiran ya tafi. Ki zaɓi fuska ɗaya ki yi mata magana. Ki fara da abin da ido ke gani. Kuma ki bar ba da haƙuri kafin ki yi magana, ba ki yi wa kowa laifi ba."

Ranar Laraba da hantsi Saloma na bakin famfo lokacin da haske ya fara dushewa. Kaji suka nufi akurki, mata suka saki bokitai suna kiran sunan Yesu. Wata tsohuwa, Talatu, ta ɗaga kai za ta kalli sama. Saloma ta riƙe ta.

"Kada ki kalla, Kaka, zai ƙone miki ido. Dubi ƙasa."

A inuwar mangwaro hasken da ke ratsa ganye ya zama ɗaruruwan jinjirin wata a kan rairayi. Da yarensu na C'lela, tana kallon Talatu kaɗai, ta faɗa mata wata ne ya gifta gaban rana, zai wuce. Muryar na rawa amma tana fita. Sai da rana ta dawo ta lura matan duka sun kewaye ta.

Ganawar neman aiki da ta biyo baya ma ba ta ci ba, ko da yake ta amsa rabin tambayoyin. Sai a shekarar 2008 aka ba ta koyarwa a wata makaranta bayan Dirin Daji, inda babu ɗakin gwaji, rufin kuma na yoyo. 'Yan mata shida suka fara ajinta, kafin girbi saura biyu. Ranar Asabar takan bi gonaki a ƙasa tana neman iyayen sauran, ta durƙusa ta roƙe su. Ɗaya ta dawo.