Linzamin da Alhaji Mamman Ya Zo da Shi Daga Gida

Akwai wata Asabar ta watan Yuli da har yau ban manta da ita ba. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe ne, a sansanin tseren dawakai na dogon zango, tafiyar awa uku daga bargarmu ta yankin Bronx, can ƙasar waje inda muke ci-rani. Mu uku muka je: Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, wanda ya samo mini wannan aiki, Fuseini, ɗan zangon Kumasi, direban tirelar dawakai, sai ni, mai kula da doki a wurin hutu.

Ga yadda tseren yake. Mil hamsin ne, an kasa shi uku. A ƙarshen kowane kashi likitar dabbobi takan duba doki. Sai bugun zuciyarsa ya sauko, ta kuma gamsu yana ci yana sha, kafin ta sa hannu a katinsa ya ci gaba.

Alhaji ya shigo daga kashi na biyu a kan dokinsa Kili. Na ajiye bokitin ruwa. Kili ya tsoma baki, ya janye da sauri. Na tsunkuli fatar wuyansa, ta tsaya ba ta koma ba, alamar ruwan jikinsa ya yi ƙasa ke nan. Da na buɗe bakinsa sai na ga harshe a tsage, yana jini. Ashe a hanya Alhaji ya cire linzami mai laushi da muka sa da safe, ya sa na gida mai zoben ƙarfe, wanda ya gada wajen mahaifinsa. Irin wannan na gajeriyar sukuwa ne, a ja doki ya tsaya cak. Ba na tafiyar yini ba ne.

Na ce, "Alhaji, Kili ba zai fita kashi na uku ba."

Ya ce, "Sani, da linzamin nan nake hawa tun ba a haife ka ba. Goge masa baki mu je wajen likita."

Fuseini ya sa baki. "Haba, Malam Sani! Mil goma sha biyar fa ya rage. So kake a ji a unguwarmu ta Mount Hope cewa Alhaji ya dawo cikin tirela kamar buhun doya?"

Na juya wajen Alhaji. Na ce, "Alhaji, ban manta alherinka ba. Amma dokin da ba ya shan ruwa a wannan zafi, cikinsa zai ƙulle, ya faɗi a daji. Ko ka gaya wa likita, ko ni in gaya mata. Na fi son ta ji daga bakinka."

Alhaji ya dube ni. Sai ya ce, "To, kai ma ka zama babba." Ya cire linzamin, ya sa ragama, ya ja Kili da kansa zuwa rumfar likita. Nan take ta fitar da shi daga tseren, aka ɗaura masa ƙarin ruwa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mahayan da ke cutar da doki galibi masu son sa ne, kayan da suka saba da su ne ba su dace da aikin ba. Saboda haka nake gaya muku, ku masu kula da dawakai, ko wane ne ya hau, ku buɗe bakin doki a kowane hutu.

Alhaji ya yi wata biyu bai amsa gaisuwata ba. A wani tseren da aka yi a watan Oktoba ya kammala mil hamsin a kan Kili, da ragama kaɗai. Linzamin yana rataye a bangon falonsa.